Filin Tambaya da Amsa: Gudun Asuba Ko Atisayen Fage, Wanne Ke Maganin Haki?

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan numfashi suke. 'Yan boksin, 'yan damben gargajiya, 'yan kokawa, kowa na son ya san ko gudu ne ke hana mutum haki a fage ko kuwa wahalar banza ce. Mun zaɓi shida, mun ɗan taƙaita wasu saboda wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan boksin ne, shekarata 22, nauyina kilo 64. Kullum bayan sallar asuba ina gudun kilomita 10, kwana shida a mako, kuma a kulob ɗinmu babu mai iya bi na. Amma da na shiga fage, kafin turmi na biyu ya kai rabi sai hannuwana su yi nauyi kamar an ɗaura musu bulo. Wanda ya doke ni a watan jiya ko kilomita 3 ba ya iya jerawa da ni. Ina matsalar take? (Daga wani matashi a Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gudunka bai ci amanarka ba. Abin da ka koya wa jikinka shi ya ba ka. Ka koya masa tafiya da sauri iri ɗaya na kusan minti 50, da ƙafa, hankali kwance, babu mai neman haɓarka. Boksin irin na gasa kuwa turmi uku ne, kowanne minti 3, da hutun minti 1 a tsakani. Minti 9 ke nan na aiki, kuma ba a shimfiɗe suke ba: sakan 5 na ruwan naushi, sakan 10 na zagaye da leƙe, a rungume, alƙali ya raba, a sake fashewa.

Jiki yana da hanyoyi uku na samar wa tsoka ƙarfi, kuma ya fi sauƙi a kwatanta su da wuta. Ta farko kamar fetur ce da aka watsa a murhu. Wani ɗan tanadi ne da ke cikin tsokar kanta, yana ba da ƙarfi mafi girma, amma in aka ƙure shi bai wuce sakan 10 ba ya ƙare. Naushin da ke kai mutum ƙasa daga nan yake fitowa. Ta biyu wutar kara ce: tsoka na ƙona sukari da gaggawa ba tare da jiran isasshiyar iska ba, ta riƙe ka daga wajen sakan 10 zuwa minti 1 ko 2, amma tana da hayaƙi, wato wannan zafi da nauyin da kake ji a damtse. Ta uku icen kirya ce, mai ci a hankali ta daɗe, wadda ke dogara da iskar da huhu ya shaƙa zuciya ta tura cikin jini. Ita gudunka na asuba yake ginawa.

Abin da masu cewa a daina gudu gaba ɗaya suke mantawa shi ne, wuta ta uku ita ke sake cika tanadin farko. Bayan an ƙure shi, kusan rabinsa kan dawo cikin sakan 30, amma kafin ya cika sosai sai an yi minti 3 zuwa 5, kuma saurin dawowarsa ya danganta da yawan iskar da ke isa tsokar. To ka ga, a hutun minti 1 da kake zaune a kusurwa koci na zuba maka ruwa, gudun ne ke yi maka aiki. Saboda haka ba mu ce ka bar shi ba. Mun ce ka riga ka tara abin da ya ishe ka a wannan ɓangaren, kana ta ƙara gishiri a miyar da manja ne babu.

Zuciya ɗaya ce, duk jiki ke morar ƙarfinta. Amma sauran amfanin atisaye, kamar ƙaruwar ƙananan hanyoyin jini da iya sarrafa iska, a tsokar da ta yi aikin kaɗai yake zama. Cinyarka da sha-raɓarka sun samu. Kafaɗarka, wadda za ta riƙe safar oza 10, kusan giram 280, a gaban fuska na minti 9 tana kuma harbawa, ba ta samu komai ba daga titi.

Sai abu na uku, wanda muke zargin shi ne babba a wurinka, ganin cewa tun turmi na biyu kake mutuwa. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya lokacin gwajin dambe, ka zauna ka kalla ba sauti. Duba kafaɗunka, sun haye har kusa da kunne? Haƙora a cije? Dunƙulen hannu a matse tun daga ƙararrawa har ƙararrawa? In za ka jero naushi huɗu, kana riƙe numfashi har ka gama? Mai yin haka ko yana da huhun doki sai ya yi haki, domin tsokar da ke ɗaure tana shan mai ko ba ta aikin komai. Abokin karawarka mai gajeren gudu wataƙila hannunsa a sake yake, sai daidai lokacin da naushi zai sauka yake matsewa. A Kinshasa a 1974, George Foreman ya fi Muhammad Ali ƙuruciya da ƙarfin hannu, ya yi ta zuba naushi da dukan ƙarfinsa Ali na jingine da igiya, a turmi na takwas ƙarfin ya ƙare aka kwantar da shi. Francis Ngannou ɗan Kamaru ma haka ta same shi a hannun Stipe Miocic a faɗan keji na gasar UFC mai turmi biyar a Janairun 2018: ya zuba komai a turmin farko, sauran huɗun ya yi su ne da ƙyar. Da suka sake haɗuwa a Maris ɗin 2021 ya zo da haƙuri, ya gama da shi a turmi na biyu.

Ga gwajin da za ka yi gobe don ka raba gardama. Yi turmi ɗaya na minti 3 a buhun naushi da gaske. Kana tsayawa ka ɗora yatsu biyu a gefen wuya, ka ƙirga bugun zuciya na sakan 15, ka ninka sau 4. Bayan minti 1 cif ka sake. In ya sauka da bugu 30 ko fiye, zuciyarka ba ta da laifi, gyaran na kafaɗa ne da sakin jiki. In ko 20 bai sauka ba, to akwai sauran aiki a gudun ma, ko kuma gajiya ce ta taru maka. Wannan ma'aunin kociyoyi ne na yau da kullum, ba hukuncin asibiti ba.

Mu dai da mu ne, kilomita 60 ɗin nan na mako za mu rushe. Ka bar gudu uku kacal. Biyu na sassarfa, minti 30 zuwa 40, da saurin da za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da maganar na tsinkewa ba. Na ukun a fili mai layin tsere, inda zagaye ɗaya mita 400 ne: zagaye biyu da ƙarfi, abin da zai ɗauke ka wajen minti 3, hutun minti 1, ka maimaita sau 4, bayan mako uku ka kai sau 6. Ƙarfin da ka tsimi daga titi sai ka kai shi buhu. Sau biyu a mako, turmi 6 na minti 3, kowane turmi a yanka shi: sakan 15 na miƙaƙƙen naushi ba tsayawa, sakan 15 na zagaye da kare fuska hannu a sama. Wani ya ƙirga maka naushin sakan 15 na farko. In ka fara da 60, duk lokacin da ka faɗo ƙasa da 45 ka tsaya, domin daga nan ba sauri kake koyo ba, jan hannu kake koyo. Kowane naushi ya fita da ɗan huci ta baki. Gwajin dambe da aboki sau biyu a mako, mafi yawansa da rabin ƙarfi, don a nan ne kaɗai jiki ke koyon sakewa alhali ana kawo masa duka.

Tambaya: Malamai barkanku da aiki. Damben gargajiya nake yi, shekara uku ke nan ina ɗaura zare. Ubangidana a dambe ya hana ni gudu, ya ce yana zuƙe ƙwanji ya kashe nauyin hannu, kuma su a zamaninsu noma da fawa ne atisayensu. Ni kuma in aka kai turmi na uku sai in ji ƙafata ta baya tana rawa. In bi maganarsa? (Daga wani ɗan dambe a Gusau)

Amsa: Barka kadai. Ka gaishe mana da maigidan naka, ka kuma riƙe shi da kyau, don bai yi ƙarya ba. Rabin zancen dai ya faɗa maka.

A 1980 wani masani a Amurka, Robert Hickson, ya raba mutane kashi uku na mako 10: wasu ɗaga ƙarfe kawai, wasu gudu da keke kawai, wasu duka biyun. Masu haɗa biyun ƙarfinsu ya yi ta hawa tare da na masu ƙarfe zalla har wajen mako na bakwai, sannan ya tsaya, a ƙarshe ma ya fara sauka. Amma dubi yawan aikin: kwana shida a mako na gudu da keke mai tsanani, ga kwana biyar na ƙarfe. Yawan ne ya yi ɓarnar. Sassarfar minti 20 sau biyu a mako ba za ta taɓa maka mashi ba, wato hannun da kake ɗaure wa zare kake naushi da shi. Kuma dattawan da suka ce ba su yi gudu ba, mutum ya wuni yana huɗa da garma ko ya taka daga wannan ƙauye zuwa wancan bayan kaka don neman fage, ai ya yi abin da ya fi sassarfa. Kai da ke hawa babur zuwa gidan dambe ba ka da wannan.

Dambe ya bambanta da boksin ta fuskar da ta shafi tambayarka. Yawancin turmi a tsaye ake cinye shi: garkuwa, wato hannun karewa, a miƙe, mashi a ja baya, nauyi a ƙafar baya, ana auna juna. Sai a fashe na 'yan sakanni, ko a yi kisa, wato a kai mutum ƙasa, ko a rabu. Wato wutar fetur ɗin da muka bayyana a sama ita ce sarauniya a wurinku. Rawar da ƙafarka ke yi kuwa ba ta rashin numfashi ba ce, gajiyar tsayuwa ce a durƙushe, kuma gudu mai nisa ba ya maganinta.

Abin da ke maganinta shi ne tsayuwar kanta. Ka gyara tsayuwarka ta fage, ka ɗan ƙara durƙusawa fiye da yadda ka saba, garkuwa a miƙe, abokinka na ture ta yana zagaya ka kana binsa ba tare da ka miƙe ba. Sakan 60 sau 5, hutun minti 1, kana ƙara sakan 10 duk mako har ka kai minti 2. Za ka ji kafaɗar garkuwa na ci kamar an zuba barkono, wannan shi ake nema. Don fashewa kuma, gudun tsere gajere: mita 30 zuwa 40 da dukan ƙarfi, sau 8, ka dawo da tafiya ka cika minti 2 kafin na gaba. Yawancin matasa a nan suke kuskure, su ƙi hutawa don a ga jarumtarsu, sai abin ya koma wutar kara, saurin da ake nema bai samu ba. In akwai tudu kusa da ku ya fi, domin hawan tudu bai cika yaga tsokar bayan cinya ba kamar shimfiɗaɗɗen fili. Kada ka fara sai ka yi minti 10 kana ɗumama jiki har gumi ya tsatso.

Nauyin hannu daga ƙugu yake tasowa. Ɗinka ƙaramin buhun yashi mai kilo 3 ko 4, ka tsaya a tsayuwar dambe, ka wurga shi bango da juyin ƙugu kamar kana sakin mashi, sau 5, hutu, har zubi 5. Ka yi wa ɗaya gefen ma ko da ba ka naushi da shi, in ba haka ba shekara da shekaru na juyi gefe guda sai sun taɓa maka baya. Sau ɗaya a mako ka ɗaura zare ka bugi buhu da shi don kafaɗa ta saba da nauyinsa, amma in yatsu suka fara mutuwa ka kwance nan take. Bango da kututturen itace ba abin naushi ba ne, ƙananan ƙasusuwan bayan hannu na iya tsagewa da haka.

Sassarfa biyu a mako, minti 20 zuwa 25, ta ishe ka, kuma amfaninta zai fito ne lokacin da ake dambe dare bayan dare kana son ka tashi da sauran ƙarfi. In rana ɗaya za ka haɗa ta da aikin ƙarfi, ka raba su da aƙalla awa 6.

Tambaya: Ina kokawa, ina fatan wata rana in wakilci jiharmu a gasar takobi, babbar gasar kokawa ta ƙasar Nijar. Ƙafafuna ba sa gajiya, amma in kokawa ta yi tsawo sai yatsuna su ƙi riƙo, damtsena ya kumbura ya yi tauri. Ƙara gudu zai taimaka? (Daga wani ɗan kokawa a Tawa)

Amsa: Allah ya kai ka, ya sa takobin ya zo gida. Amma ko za ka yi gudu daga Tawa zuwa Ƙonni, damtsen nan ba zai canza ba. Tsoka in ta matse da ƙarfi ta tsaya a haka, tana danne hanyoyin jinin da ke cikinta, kamar wanda ya taka tiyon ruwa. Jinin na nan, zuciya na turawa, hanya ce a toshe. Shi ya sa mai kokawa ke iya gajiya a hannu alhali numfashinsa lafiya lau.

Gyaran kashi biyu ne. Na farko ƙarfin riƙo, domin in riƙonka ya ƙaru, abin da a da ke cin dukan ƙarfinka zai koma cin rabi, jini ya sami hanyar wucewa. Ɗauki jarka biyu masu lita 25, ka fara da su rabi-rabi, ka yi tafiyar mita 40 kafaɗa a miƙe, sau 6, kana ƙara ruwa duk mako har su cika. Rataya tsumma mai kauri a reshe ko ƙarfe, ka kama bakinsa biyu ka yi lilo sakan 30 zuwa 45, sau 4. Saɓa abokinka mai nauyinka a kafaɗa ka yi mita 20 cikin yashi. Sau biyu a mako ya isa, jijiyoyin gwiwar hannu ba sa son a matsa musu kullum.

Na biyu dabara ce, kuma ya fi na farkon muhimmanci. Ka lura da tsofaffin 'yan kokawa: hannunsu na kan abokin karawa amma a kwance yake kamar ƙugiya, sai lokacin ɗauka ko fizga suke damƙewa. Ana koyon wannan ne da kokawar neman shiga, ƙirji da ƙirji, kowa na ƙoƙarin zura hannu ƙarƙashin hammatar ɗan'uwansa ba tare da kayarwa ba, minti 2 sau 6, hutun sakan 45.

Gudu kuma kada ka yar da shi. Gasar takobi 'yan kokawa 80 take tarawa daga jihohi takwas, ana kwanaki ana karawa, wanda jikinsa ke saurin farfaɗowa tsakanin yau da gobe shi ke kaiwa ƙarshe. Minti 30 sau biyu a mako. In za ka yi a yashi, fara da minti 10, don yashi na jan agara fiye da yadda ake zato.

Tambaya: Ina koyon faɗan keji irin na UFC, nauyina kilo 98. Duk lokacin da na yi mako biyu ina gudu a kan kwalta sai ƙwaurina ya kama ciwo. Wani ya ba ni shawarar in riƙa shan tiramol kafin in fita. Akwai abin da zai maye gurbin gudu? (Daga wani mai karatu a Abuja)

Amsa: Wanda ya ba ka shawarar nan ba masoyinka ba ne. Ciwo saƙo ne, ƙwayar kuma ɗan aiken kawai take kashewa, ƙashin na ci gaba da lalacewa. Ga jaraba, ga haɗarin farfaɗiya in an sha da yawa, sannan hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta tiramol a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024.

Kowane taku na gudu yana sauke wa ƙafa ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki. Lissafa da kilo 98, sau dubbai, a kan kwalta. Shafa gefen ƙwaurin na ciki da yatsa. In ciwon ya bazu tsawon tafin hannu ko fiye, kuma yana lafawa in ka huta, yawanci wahalar da ƙashi da naman da ke manne da shi ce, hutun mako biyu zuwa huɗu daga gudu kan gyara. In kuwa wuri ɗaya ne da kan yatsa zai rufe, yana zafi in ka yi tsalle da ƙafa ɗaya ko yana damunka da dare, je ka ga likitan ƙashi, domin yana iya zama tsagewa, kuma hoton ƙashi na yau da kullum kan kasa nuna ta a makonnin farko.

Zuciya ba ta san ko gudu kake ko keke ba. Minti 45 a keke ko iyo, bugun zuciya tsakanin 130 da 150, sau uku a mako, zai ba ka abin da sassarfa ke bayarwa. Kamaru Usman, wanda ya riƙe kambun UFC daga 2019 zuwa 2022 kuma aka san shi da rashin gajiya a turmi biyar, ya sha faɗa da bakinsa cewa gwiwoyinsa sun hana shi gudu shekaru da dama. Tsallen igiya dai ba madadi ba ne a wurinka yanzu, shi ma dukan ƙwauri ne.

Turminku minti 5 ne, kuma abin da ke cinye mutum a cikinsa shi ne sauyi, daga tsaye zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa jikin keji. Sau ɗaya ko biyu a mako ka haɗa turmi irin wannan: minti 1 naushi da shuri a buhu, minti 1 kai hari ƙafa da kare harin, minti 1 turereniya da aboki a jikin bango, minti 1 dukan buhu a ƙasa, minti 1 tashi daga ƙarƙashin aboki yana danne ka. Turmi 3, hutun minti 1. A ƙarshen atisaye ake yinsa, bayan an gama koyon dabara. Sabuwar dabara da aka koya a gajiye, a karkace take zama.

In ƙwaurin ya warke kana son komawa, fara a kan ciyawa ko jar ƙasa, tafiya minti 2 gudu minti 1, na minti 20, kada ƙarin mako ya wuce kashi 10 cikin 100. Duba takalminka ma. Na gudu kan mutu bayan kilomita 600 zuwa 800, na gwanjo kuwa sau da yawa wani ya riga ya cinye wannan tafiyar kafin ya iso kasuwa. Danna tsakiyar tafinsa da babban yatsa: in ya yi tauri kamar katako, ko gefensa ya yi tamoji, saman ne kawai ya rage.

Tambaya: Ina horar da matasa tekwando, maza da mata. Muna da gasa nan da mako takwas. Yaya zan raba gudu da atisayen shuri? (Daga wani koci a Damagaram)

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Malam. Tun da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa a Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017, wasiƙun tekwando daga wajenku ba su yanke mana ba.

Ƙa'idar ita ce, gasa na nesa gudu na da yawa, tana matsowa yana janyewa. Mako uku na farko, sassarfa uku a mako ta minti 25 zuwa 35, atisayen shuri kuma ya fi karkata ga gyaran dabara. Mako uku na tsakiya, sassarfa ta koma ɗaya, a shigo da turmi irin na gasa, minti 2 da hutun minti 1: sakan 10 na shuri a filon shurin da kake riƙewa, sakan 20 na rawar ƙafa, har turmin ya cika, turmi 5 ko 6. Tekwando da ƙafa ake yinsa, saboda haka gudu da shuri tsoka ɗaya suke ci, ba kamar boksin ba. Kada ka sa su gudu mai tsanani da safe ka kuma nemi shuri mai kyau da yamma, tsokar gaban ƙugu da makwankwaso ne za su biya.

Mako na bakwai a yi gwajin faɗa mai zafi na ƙarshe, kwana 7 zuwa 10 kafin gasa. Daga nan ka rage yawan aiki da kusan rabi amma ka bar saurin yadda yake: turmi 3 maimakon 6, kowanne da kaifinsa. Kociyoyi da yawa tsoro kan kama su a wannan makon su ƙara aiki, alhali ba a fafe gora ranar tafiya, gajiya kawai za su kai fage. Yaran da ba su kai shekara 14 ba kuwa, kada ka sa su dogon gudu, wasan guje-guje da ƙwallo ya ishe su.

Tambaya: Saura kilo 4 in shiga ajin nauyina. Abokaina suna sa ledar shara a ƙarƙashin riga su yi gudu da rana. Yana aiki? Kuma yaya zan yi da gudu in azumi ya zo? (Daga wani ɗan boksin a Sakkwato)

Amsa: Sikeli zai nuna ya yi aiki, amma ruwa ne ya fita, ba kitse ba, kuma kana sha zai dawo. Jiki na sanyaya kansa ne in gumi ya bushe a kan fata. Leda na hana shi bushewa, zafin ciki ya yi ta hawa. A Sakkwato, a watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, wannan wasa da rai ne. A ƙarshen 1997 'yan kokawa uku na jami'o'in Amurka suka mutu cikin 'yan makonni suna rage nauyi ta wannan hanyar, abin da ya sa hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta haramta rigunan roba. In abokinka na gudu ya fara magana ba kan gado, ko tangaɗi, ko amai, a cire masa kaya, a kai shi inuwa, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da sanyaya shi a hanya.

Ko ba a kai nan ba, rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinka ya isa ya rage maka juriya. Kilo 4 a abinci ake sauke shi, rabin kilo a mako, mako takwas: rage lemon kwalba, soye-soye da yawan tuwon dare, a bar nama, ƙwai, wake da ganye. In gasar ta fi haka kusa, hau aji na gaba.

Don sanin ruwan da kake bukata, hau sikeli kafin atisaye da bayansa, ba riga. Duk kilo 1 da ya tafi, ka mayar da lita 1 da rabi a hankali cikin 'yan awanni, da ɗan gishiri a abinci ko haɗin gishiri da sukari na kemis. Fitsarin safe in ya yi duhu kamar shayi, ba ka mayar ba.

Da azumi, aiki mai tsanani, wato buhu, tsere da gwajin faɗa, a bar shi sai bayan an sha ruwa da awa 2, ko bayan tarawihi. Sassarfa mara nauyi ta minti 20 za ta yiwu dab da magariba, yadda kana gamawa ana kiran salla. Gudun bayan asuba shi ne mafi muni a watan, don za ka zubar da ruwan sahur tun rana ba ta fito ba, ga awa 13 ko fiye a gabanka. Rage yawan atisayen da kashi ɗaya cikin uku, kuma ka raba shan ruwanka daga buɗa-baki zuwa sahur, kofi ɗaya ko biyu duk awa, maimakon ka ɗura lita 2 a tashi ɗaya ana gab da kiran assalatu.